Ajin Farkon da Nayeli Ta Tsallake

…to, shi ajin farkon fa, ina ya tafi? Anselmo yana zaune a ofishin jami'a, hularsa a kan gwiwa, yana kallon bakin matar nan mai ba sababbin ɗalibai shawara, Madam Whitlock take ko wa. Tana maimaitawa a hankali, ta lura bai kama ba. Wai darussan nan masu nauyi da 'yarsa Nayeli ta ɗauka a sakandare, lissafi, kimiyyar sinadarai, tarihi, har da Sifaniyanci, ta ci jarabawarsu da maki mafi girma. Su suka sa aka ɗauke ta cikin dubban masu nema. Yanzu kuma jami'a ta karɓe su a madadin nata darussan. Aji biyu za ta fara. A shekara uku za ta gama, ba huɗu ba.

Uku…

Nayeli kuwa tana gefensa tana wasa da igiyar jakarta, ko gezau, kamar an ce mata yau Talata. Wannan fa ita ce mai kuka tana ƙarama in aka yanka mata tortilla biyu, gurasar masarar nan mai zagaye, wai an ɓata mata farin wata. A gidansa take kwana, waken uwarta take ci — ashe tun tuni ƙafarta ɗaya na cikin waɗannan dogayen gine-gine na jan bulo, shi bai sani ba?

Hannunsa na hagu na zogi, wurin da ake soka allura. Ɗakin wankin ƙoda… sanyin nan mai shiga ƙashi, inji na gurnani, jininsa na fita ta bututu yana dawowa. Ga ta a kujerar masu jinya, daga makaranta kai tsaye, littafi kamar tubali a cinya. Takan karanta masa yaƙe-yaƙen Turai don ya manta da bututun. Shi kuma ya tsokane ta, Farfesa, shi wannan sarkin da suka sare wa kai, me ya ci musu? Ta ce ya bari mana, gobe jarabawa. A zatonsa aikin gida ne irin na kowa. Ashe jami'a ake yi a bakin gadonsa. Har tsoho Reyes na gadon kusa ya sha darasin, Allah ya ji ƙansa, bai ji ƙarshen yaƙin ba…

Matar tana gargaɗi yanzu. Wai ita da za a bi ta tata, a maimaita sinadarai, tsalle zuwa aji biyu ba wasa ba ne, kuma a ajin farko ake yin ƙawaye, ba tsere ake ba. Gaskiya ta faɗa. Bakinsa har ya buɗe — ki huta, 'yar nan, sha takwas fa kike. Sa'o'inta suna filin ƙwallo ran Juma'a, suna ɗinkin rigar rawa, ita tana…

"Na gode, Madam, amma a ba ni duka," in ji Nayeli. "Ukun nake so."

Ba ta dube shi ba. Me ya sa ba ta dube shi ba?

Saurin me take yi? Wa ya biyo ta?… Ofishin likita. Tana 'yar sha biyar lokacin. Likitan ya cire tabarau, ya ce layin masu jiran dashen ƙoda dogo ne, jiki kuma ba ya jure inji har abada, shekaru ne dai, ba masu yawa ba. Ita an aike ta sayo lemo. An aike ta… ƙofar a rufe take? A rufe take kuwa? A makon ne ta dawo gida ta ce ta sauya darussanta duka. Graciela, uwarta, har faɗa ta yi, wai wa yake kashe kansa da karatu haka.

A'a. Ba zai yiwu ba. Yarinya ƙarama ta zauna ita kaɗai, ta auna ran ubanta da shekarun makaranta, ta ga huɗu ta yi nisa — sai ta ciro ɗaya ta cinye ta tun a gida? Ba ta gaya wa kowa ba? Daga jikinsa wannan ta fito, shi da ko sakandare bai ƙarasa ba? Tsigar jikinsa na tashi, irin yadda take yi masa a coci in mawaƙa suka ɗaga murya gaba ɗaya.

Sun fito. Ranar Texas na dukan ƙeya, ƙafafunsa sun yi nauyi. Ta riƙe masa gwiwar hannu, na daman, ba ta taɓa mantawa.

"Baba, ka gaji, mu ɗan zauna." Tana nuna wani fili mai ciyawa can gaba. "Can ake bikin yaye ɗalibai. Layin gaba akwai inuwa, kuma babu matakala. Na tambaya."

Ta tambaya. Ko darasi ɗaya ba ta shiga ba, ta tambaya…

Yana zama a kan benci. Zai tambaye ta maganar ƙofar nan — a'a, ba yau ba. Ita ta yi nata. Saura nasa, shekara uku cur, shi da wannan jikin… ta ina ake fara irin wannan karatun?