'Yar Tela Ta Ce Na Uku Ne

"Ba za ki shiga ba," in ji direba, ya tare ƙofar ɗakin da hannu. "Aikinki kika zo dubawa? Yana nan kwance, ya yi kyau."

'Yar tela ta tsaya da ledar lemo a hannu. Ba ta yi mamaki ba. Wata takwas ke nan direba, ɗan Malama tilo, ba ya amsa gaisuwarta, alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu.

"Yaya, don Allah, ko minti biyar ne."

"Ni ba yayanki ba ne."

Sai wata murya ta fito daga ciki, siririya amma da kaifinta. "Ƙyale ta ta shigo. Ina so in ga ko da sauran kunya a idonta."

Ɗakin yana warin man zafi. Ga magunguna jibge a kan kujera, ga tabarau ɗaure da zare a gefen filo. Ciwo ya cinye Malama tas, ya bar mata baki kawai, kuma duk unguwar ta san bakin nan.

Shekara talatin da ɗaya Malama tana riƙe da ɗakin darasin yamma da ke tsallaken titi, inda yara ke zuwa in an tashi daga makaranta, su yi aikin gida har iyayensu su dawo daga aiki. A nan 'yar tela ta koyi karatu. Tana shekara tara ba ta iya haɗa harafi biyu ba, a makaranta an gama yanke mata hukuncin daƙiƙanci. Malama ta zaunar da ita a gindin ƙafarta, da zagi da ranƙwashi da ɗan lallashi, har kan ya buɗe. Da ta gama kwaleji ta dawo ta zama mataimakiyarta, Malama ta riƙa nuna ta ga duk wanda ya tsaya saurare.

Sai mantuwa ta fara yi wa Malama sallama. Ita ke tashi ƙarshe, ita ke kullewa, don ba ta taɓa yarda wani ya taɓa mata makulli ba. Wata Laraba ta datse ɗakin ta tafi gida, ta bar 'yar shekara shida tana barci a ƙarƙashin benci. Awa uku ana neman yarinyar. Kwamitin iyaye ya zauna, aka tambayi 'yar tela a gaban Malama ko wannan ne karo na farko. Sau biyu kafin nan 'yar tela ce ta ji kukan yaro a kulle, ta ruga ta karɓo makulli, ta rufa asiri. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na uku ne." Ran nan aka karɓe makullin daga hannun Malama aka damƙa wa 'yar tela. Iyayen da suka ji daɗin amsar kuwa, su ne suka fara kiranta butulu a bayan ido, don mutane ba su da dama.

"Malama, ya jiki?" ta ce, ta durƙusa a bakin gado.

"Jiki ga shi kina gani. Me kika zo ɗauka? Allo na bar miki, bencina na bar miki. Gadon kike so?"

"Na zo ki yafe mini ne."

"Oho." Malama ta ɗan yi tari, direba ya matso da kofi, ta ture. "An gaya miki na kusa, shi ne kika zo ki wanke kanki ki samu barci. Ni na koya miki karatu, ke kin koya mini zaman gida. Kin san yadda ƙarfe uku take yi mini? Ina jin ƙafafun yaran suna wucewa ta bayan tagar nan, babu wanda ke leƙowa."

'Yar tela ta fashe da kuka. Tana son matar nan fiye da yadda ta so uwar da ta haife ta, kuma tana tsoron kada Malama ta tafi da ita a zuci.

"Share hawayen nan, ba na sayen su," in ji Malama. "Tambaya ɗaya zan yi miki, ki dube ni. A ce yau ne kwamiti ya zauna, aka sake tambayarki. Me za ki ce?"

Direba ya daina motsi. Amsar da ake so a fili take, ko ɗan aji ɗaya ya san ta. So ake ta ce kuskure ta yi, ta ce sharrin zuciya ne, shi ke nan a sallame ta da albarka. Ta buɗe baki da niyyar faɗin haka. Sai ta tuna yadda aka fito da yarinyar nan, muryarta ta dishe, ta jiƙa siket ɗinta da fitsari.

"Zan ce na uku ne, Malama."

"Kin ji ko, Mama!" in ji direba. "Tashi ki fita mana!"

Malama ta dube ta, ido cikin ido. "To yafiyar me kike nema, tunda ba ki yi laifi ba?" Ta juya fuska ga bango da ƙyar. "Ban yafe ba. Tashi, uku ta yi, kin bar 'ya'yan mutane a rana."

Direba ya biyo ta da ledar lemon ya ajiye mata a waje.

Ƙarfe biyar saura, tana tsaye a gaban allo tana nuna wa 'yan aji huɗu yadda ake rabawa, kuka ya tashi a gidan Malama, a tsallaken titi. Allin ya karye a hannunta. Yara ashirin da bakwai suka ɗago kai suna kallonta. Ba ta da mataimakiya, kwamiti bai samo mata ba tukuna, babu wanda za ta bar wa su ko na minti ɗaya.

"Kowa ya dubi littafinsa," ta ce.

Daga shida iyaye suka fara zuwa. Kowa ya karɓi nasa, ya yi mata wani irin kallo, ya tsallaka gidan rasuwar. Babu wanda ya ce mata ya haƙuri. Aka bar ta da yarinya ɗaya, wadda uwarta ke aiki a asibiti, kullum sai ta makara.

Ta fito bakin ƙofa riƙe da hannun yarinyar. A can tsallake takalma sun cika ƙofar gidan Malama har sun gangaro bakin kwata. Direba ya fito da tabarmi a kafaɗa, idonsa jajir. Ya hango ta, ya tsaya, sannan ya shimfiɗa tabarmin ya zauna ya ba ta baya.

'Yar tela ta zauna a kan dakali, ta ɗora yarinyar a cinya, suka ci gaba da duban hanyar da uwar za ta ɓullo.