Dabinon da Ya Ƙi Dawowa

Labaran bai taɓa ɗaukar kansa mai dabo ba. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, tun safe yana dukan tafireta har azahar ta gota, sannan ya hau kekensa ya nufo Unguwar Sarki kafaɗu a ƙage. A shekarar ce aka sauya hannun tuƙi aka koma dama, saboda haka ko hanyar ma ta zame masa wani aikin: direbobi na mantuwa, masu keke na salati. In ya iso gida ba abin da ransa ke so irin a shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro a ƙyale shi. To amma yara ba su san ƙyalewa ba.

Abin da ya ja masa shi ne wani ɗan siddabaru da ya koya yana yaro a Zariya, wurin wani mai wasan kasuwa. Zai ɗora dabino a tafin hannunsa, ya kife shi da hula, ya hura, ya ɗaga hular, a nemi dabino a rasa. A hannun rigarsa yake maƙale, amma wa zai gaya wa ɗansa Ila mai shekara shida, ko ƙanwarsa Balki da ba ta gama iya magana ba? Wata rana tsautsayi ya sa ya yi musu don su bar shi ya huta. Tun daga ranar hutu ya ƙare masa.

Matsalar ita ce rabin wasan ya iya. Mai wasan ya bar gari kafin ya nuna masa ƙarshen, shi kuwa bai taɓa damuwa ba.

"Baba, ina dabinon yake zuwa?" in ji Ila.

"Makka, can inda ya fito."

"Yaushe zai dawo?"

"Ba ya dawowa. Tashi ka ba ni wuri."

Sai Balki ta wangale baki ta sa kuka, don ita ba ruwanta da Makka, dabinon take so. Kullum haka wasan ke ƙarewa, da kuka da majina, har matarsa Rahmatu ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Malam, in dai haka ne gara ka daina."

Akwai mutum ɗaya a gidan da ba ta kuka, ba ta tambaya. Safara'u ke nan, 'yarsu ta fari, mai shekara tara. Tun ranar da aka yaye ta mahaifiyar Labaran ta ɗauke ta zuwa Zariya, a can ta yi wayo. Da damina ta kama tsohuwar ta rasu, aka dawo da yarinya Kaduna da ɗan ƙunshin kayanta. Har yanzu ƙunshin yana nan a ɗaure a kusurwar ɗakin Rahmatu. In za ta sauya kaya sai ta kwance, ta zari abin da za ta zara, ta mayar ta ɗaure tamau, kamar baƙuwar da ke jiran mota.

Iyayenta kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure musu baki. Labaran bai taɓa faɗin sunanta ba tun da aka raɗa mata shi. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan", in ta kama dole. Rahmatu ta fi shi ma, don ko tuwo za ta ba ta sai ta miƙa wa Ila ya kai mata. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. Haka suka taso suka ga ana yi, kuma wanda ya ja ɗan farinsa a jiki a gaban mutane sai a ce ba shi da ta ido. Ita dai Safara'u ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata wannan bayani. In ana wasan dabino sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin girki da tsintsiya a hannu, tana kallo daga nesa.

Abokin aikinsa Yahaya ne ya ba shi mafita ta farko, ranar da ya yi masa ƙorafi suna cin gyaɗa a bayan ofis.

"Kai ma dai, Malam Labaran! Wa ke ɓatar wa yaro abu ya bar shi haka? Ka ciro shi daga kunnensa mana, ya cinye abinsa, kowa ya huta."

Aka gwada, abin ya yi kyau fiye da zato. Dabino ya tafi Makka ya dawo ta kunnen Ila, washegari ta kunnen Balki. Ihu ya cika gidan, 'ya'yan maƙwabta suka ji labari suka riƙa shigowa kowa na miƙo kunne. Labaran ya ƙara gajiya, amma aƙalla an daina kuka.

Sai ranar da Ila, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce, "Baba, yau ka ciro daga kunnen Yaya Safara'u. Ita ba a taɓa yi mata ba."

Labaran ya ɗaga ido ba shiri. Yarinyar ta riga ta ajiye tsintsiya, ta sa yatsa ta janye ɗankwalinta daga kan kunne ɗaya. Ga 'ya'yan maƙwabta sun zuba ido, ga Rahmatu na jin komai. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya mayar da hula kansa, ya ce lokacin salla ya yi, ya ɗauki buta, alhali ko ladan bai taso daga gida ba. Da ya waiwaya, ta mayar da ɗankwalin ta ci gaba da shara.

Bayan 'yan kwanaki Rahmatu ta kawo masa abinci ta zauna a gefen tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

"Yaya Balaraba ta aiko. Ran Lahadi za ta zo ta tafi da yarinyar nan Rigasa, ta riƙe ta."

Balaraba yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. In irin wannan ta nemi riƙon ɗanka, da wane baki za ka hana?

"Ita Yaya ce ta nema?"

"A'a. Yarinyar ce ta roƙe ta, ranar da ta zo gaisuwa." Rahmatu ta sunkuyar da kai. "Wai gidan nan ba a san da ita ba."

Labaran ya ture kwanon abincin gefe. Ba ya so ta tafi. Shekarun da ta yi a Zariya, ba a yi wata guda bai je da sunan gaida tsohuwa ba, alhali ita yake zuwa ya saci kallo. Yanzu da Allah ya dawo masa da ita ƙarƙashin inuwarsa, ga shi za ta sake fita da ƙafarta, saboda ya kasa miƙa hannu ya taɓa kunne.

Sauran kwanakin a ofis sai a hankali. Ya buga takarda ɗaya ya lalata, ya sake ya lalata, har Yahaya ya tambaye shi ko zazzaɓi ne. Shi kuwa lissafin dabino yake yi. Kunne dai ba zai iya ba, ya san kansa. To ina dabino zai ɓullo, wurin da nata ne ita kaɗai, ba sai hannunsa ya kai jikinta ba? Ya juya abin a kan keke, ya juya a kan tabarma, sai da Asabar ta zo sannan ya gane cewa ba dole ne dabinon da ya tafi ya zama shi ne ya dawo ba. Guda biyu ake bukata.

Ran Lahadi da hantsi, Safara'u ta tafi famfo ɗibar ruwa. Labaran, magidanci guda mai furfura a gemu, ya saɗaɗa ɗakin matarsa kamar ɓarawon kaza, ya tura dabino ta ɗan gefen ƙullin ƙunshin, ya fito yana gumi.

Balaraba ta iso bayan azahar, aka gaisa, ta sha ruwa. Safara'u ta fito da wankakken zane, ta ajiye ƙunshinta a gabanta ta tsuguna a gefe. Labaran ya gyara murya ya ce yara su zo a yi wasa kafin Gwaggo ta tashi.

Ya ɗora dabino, ya kife hula, ya hura, ya ɗaga. Babu. Ya laluba kunnen Ila, ya girgiza kai. Ya laluba na Balki, ya buɗe hannu wayam.

"Yau fa ya ƙi dawowa," in ji shi.

Leɓen Balki ya fara rawa.

"Tsaya, tsaya. Ina jin ƙamshinsa a gidan nan." Ya shaƙi iska, ya juya hagu ya juya dama, sannan ya yi nuni da haɓa. "Ke, kwance ƙunshin nan mu gani."

Safara'u ba ta ɗago ba. A duk lissafin da ya kwana biyu yana yi, nan ne bai lissafa ba. Mata huɗu ne a tsakar gidan, kowacce "ke" ce. Balki ma har ta taso da gudu, a zatonta da ita ake.

"Ba ke ba. Yarinyar nan nake nufi."

Safara'u ta ji shi sarai, ya ga yadda yatsunta suka ƙanƙame bakin zanenta. Amma idonta na ƙasa, kuma a fili yake ba ta da niyyar ɗagowa. An taɓa sa ta janye ɗankwali a banza.

"Labaran," in ji Balaraba, "rana na yi, ka san motar Rigasa ba ta jira."

Ya dubi hular da ke hannunsa. Ya gaji. Ya gaji da tafireta, da hanya, da wannan nauyi da ya ɗauka shekara da shekaru ba tare da ya taɓa tambayar wa ya ɗora masa ba. Ya buɗe baki.

"Safara'u. Kwance ƙunshinki."

Rahmatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗakin girki da sauri. Ila ya daka tsalle.

"Lah! Ashe Baba ya san sunanta!"

"Labaran!" Balaraba ta dafe ƙirji. "A gabana? Kaduna ce ta cinye maka kunya, ko aikin Nasara? Ni nan da kake gani, ni ce ta fari a gidanmu, Baba har ya koma ga Allah bai taɓa…" Ta ɗauki kwanon ruwa ta kai baki, ko da yake ba kome a ciki.

Safara'u ta sa hannu ta kwance ƙullin. Ga dabino nan zaune a kan rigarta ta sama. Da ta ɗauke shi, gefen ƙunshin ya saki, wani ɗan tsumma da ke ƙasa ya warware, ƙwallayen dabino suka gangaro kan siminti. Suna da yawa, an wanke su tas, sun bushe. Duk wanda Ila da Balki suka tsotse suka tofar, mai shara ta tsince ta adana.

Ba wanda ya yi dariya, har Ila. Labaran ya kawar da kai yana duban mangwaro kamar yau ya fara ganinsa.

Balaraba ce ta fara magana, muryarta ta sauko. "To, an yi wasa an gama. Ɗaure kayanki mu tafi, 'yata."

Yarinyar ta dubi ubanta, karo na farko ido cikin ido.

"Yaya," in ji Labaran, "a bari ta cinye dabinonta tukuna. Ƙa'idar wasan ke nan, ba a tashi sai mai dabino ya cinye."

Safara'u ta kai shi baki ta ɗan gatsa, abin da bai fi ƙwayar gero ba. Ta tauna, ta tauna, ta haɗiye, ta huta. Ta sake gatsa. Balki ta gaji da kallo ta yi barci a cinyar Gwaggo. Inuwar mangwaro ta matsa har ta kai bakin zaure. Da aka kira la'asar, ko rabi ba a ci ba.

Balaraba ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta kwantar da Balki a tabarma, ta miƙe tana dafa gwiwa, ta gyara mayafinta.

"Wannan dabinon ba mai ƙarewa ba ne yau," in ji ta. "Taso ka raka ni, marar kunya."

Ya raka ta har bakin titi, da mota ta tsaya sai Balaraba ta ce ya gaida mata Safara'u, ta faɗi sunan a hankali. Ya biya masallaci ya yi salla, ya dawo yana jan ƙafa, ga gobe Litinin tana jiransa. Da ya shiga gida ya tarar an wanke zanen da aka ɗaure ƙunshin da shi tun daga Zariya, an shanya shi a igiya yana ɗigar ruwa. Safara'u na zaune a bakin tabarmarsa riƙe da hular da ya manta, sauran dabinon yana ɗaya hannun.