Shata Zuwa Illela

Hamidu yana ɗaure buhu a bayan motarsa a tashar Mafara sai wata mata ta dafa ƙofar.

"Sauke kayan nan, direba. Shata nake so zuwa Illela."

Hajiya Nagode ta ce sunanta. Ta biya ninki uku ba ciniki, ta tura 'yan mata uku kujerar baya, kowace da kayanta a leda. 'Yan Dosara ne, in ji ta, 'yan bindiga suka koro su, ita kuma ta samo musu aikatau.

Sun wuce mararrabar Bakura ke nan wayarta ta yi ƙara. Ta rage murya, amma yana ji.

"Uku ne. A'a Alhaji, dubu ɗari huɗu kowace. Hanya ta yi tsada, kame ake yi. Ƙaramar ma ta fi haka."

Hamidu ya gane cinikin 'yan matan ake yi. Makon jiya shugaban tasha ya tara direbobi ya ce duk direban da aka kama da irin wannan lodi, motarsa ta tafi, shi kuma sai gidan yari. Ya dubi madubi. Ƙaramar, Zakiyya, tana gaya wa ta kusa da ita irin atamfar da za ta aiko wa innarta.

"Ido a hanya, direba," in ji Hajiya. "Ba kai ne na Garbadu ba? Gidan bayan masallaci. Yaya Taibatu da yara?"

Bai taɓa ganin matar nan ba sai yau.

A shingen jami'an tsaro wani jami'i ya yi masa alama da hannu ya wuce. Hamidu ya taka birki.

"Wuce mana!" Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya leƙo ta taga. "Ranka ya daɗe, ba ni da takardun mota. Lasisi ma babu."

Duk suna aljihunsa.

"Gangara gefe. Kowa ya fito."

Jami'in ya tambayi 'yan matan inda za su. Ɗaya ta ce Sakkwato, ɗaya ta ce Agadas, Zakiyya ta ce Makka. Nan take ya karɓe wayar Hajiya, ya kira babbansu.

Hamidu ya jingina da mota. Ya kira gida.

"Taibatu, kwashi yara ki tafi gidan Baba. Yanzu. Kar ki tambaye ni."

Da ya sauke wayar, Zakiyya na tsaye gabansa rungume da ledarta, tana hawaye.

"Malam direba, me muka yi maka? Ka ɓata mana aiki."