Yadda Gonar Ya'u Ta Koma Saura

A Barkiya ta ƙasar Kurfi, da can in ana zancen noma sai an ambaci Ya'u. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, in ya duƙa da garma ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen kunya. Matarsa ta rasu tun ɗansu Sabi'u yana rarrafe, bai kuma sake aure ba. Shi da yaron suka riƙe gona har Sabi'u ya kawo ƙarfi.

Shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Sabi'u ya bi samari zuwa Dutsin-Ma, daga can ya wuce shiga soja. Ya'u ya yi noman shekarar shi kaɗai, ya cika rumbu, har ya soma tara azara don ya gina wa yaron ɗakin aure. Da rani sai wani ɗan garin Karofi, wanda ya dawo daga fagen daga da ƙafa ɗaya, ya zo har ƙofar gida ya shaida masa cewa a gabansa aka binne Sabi'u.

Ya'u ya karɓi gaisuwa, ya yi haƙuri kamar kowa. Da ruwan shuka ya sauka, ya saɓi sungumi ya tafi gona. Ya sara rami kaɗan, ya tsaya yana duban filin. Babu inda ke masa ciwo. Ya dai rasa dalilin da zai sa ya sara na gaba. Ya zauna gindin gawo har azahar, ya koma gida. Washegari ma haka.

Da fari mutane sun tausaya masa. Da aka kai noman farko gonarsa na cike da ciyawa, sai magana ta sauya, aka ce ƙato da lafiyarsa ya zama rago. Wansa Malam Lawal, mai makarantar allo, ya kira shi zaure.

"Ya'u, ba kai kaɗai ka rasa ɗa ba. Wannan lalaci ne, kana ba mu kunya."

"Yaya, ba ƙyuya ba ce. In na ɗauki garma sai in ji kamar ba hannuna ba. In noma wa wa?"

"Ka noma wa cikinka."

"Cikin nawa ma bai tambaye ni ba."

Malam ya yi masa rubutu ya sha, ya kuma kira gayya, aka shuka masa gero aka nome. Gero ya nuna, Ya'u kullum sai ya ce gobe zai girbe. Tsuntsaye suka ci rabonsu, shanu suka ƙarasa sauran.

Abin da ya fi damunsa shi ne, a damina ta uku ya lura jikinsa ya saba da zama. Wata safiya zuciyarsa ta ɗan motsa, ya fita da fartanya, kafin hantsi yana haki, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya ce a ransa, wataƙila masu cewa rago sun yi gaskiya. Bai sake gwadawa ba.

Daga baya Malam Lawal ya ba maƙwabci aron rabin gonar, sauran ya cika da sabara. Ƙanwarsu Kande ce ke aiko masa da tuwo, wata rana ya ci, wata rana a mayar da kwanon a rufe.