Wa'azin Jana'izar Ɗan Fasto Eleuterio

Ina cikin wanke masara aka kawo mini labarin. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta kan shinge ta ce motar buhunan kofi ta kife a gangaren da ke gaba da gada, kuma Nahún yana bayan motar. Na ce mata to. Na ƙarasa wanke masarar, na tsiyaye ruwan, na rufe ta saboda kaji, sannan na nufi majami'a neman yayana.

Nahún ɗan yayana ne, Fasto Eleuterio. Yana rarrafe uwarsa ta rasu, ni na goya shi, kuma ban yi aure ba, don haka duk garin sun san shi da ɗan Ermelinda, wato ni, wadda ake ce wa Mela, kamar yadda suka san shi da ɗan Fasto.

Yaya Eleuterio ya daɗe yana wa'azi a garinmu, a cikin duwatsun Copán. Kowace Asabar yakan kafa lasifika a bakin kasuwa, tsakanin masu tumatir da mai gyaran takalma. A wurinsa ceto ƙofa ɗaya gare shi: mutum ya miƙe a gaban jama'a, ya ɗaga hannu, ya furta da bakinsa cewa ya karɓi Yesu, sannan ya rabu da giya da rawa da caca. Wanda mutuwa ta riska bai yi haka ba, wuta ce makomarsa. Ko a gaban gawa ba ya sassauta wannan. Yakan ce mamaci ya riga ya wuce, rayayyu ake yi wa wa'azi, kuma babu lokacin da kunnensu ke buɗewa kamar lokacin da akwati ke gabansu. Ranar da aka binne wanzamin garinmu, Don Cástulo (Don da Doña laƙabin girmamawa ne a wurinmu), wanda bai taɓa taka majami'armu ba, Yaya ya dubi matarsa Doña Eduviges a bakin kabari ya ce, "Mijinki yanzu ya san zafin da nake faɗa." Mutane da yawa sun ɗaga hannu a ranar. Ita kuwa ba ta sake gaishe mu ba.

Nahún bai taɓa ɗaga hannu ba. Tun yana saurayi ya daina zuwa sujada, ya koma wurin faɗan zakaru da shan giyar rake, ya kama aikin lodin buhuna. Uban ya ce kada ya ƙara kwana a gidan. Yakan shigo ta ƙofar baya idan ya tabbatar uban ya fita, ya zauna a kan turmi ya ce, "Gwaggo, a taimaka wa ɗan wuta da wake." In zuba masa, in ce ya ci ya tashi kafin a ritsa mu.

Na tarar da Yaya yana buga ƙusa a wani benci. Na faɗa masa abin da aka faɗa mini. Ya ajiye gudumar.

"Ya mutu?"

"Ban tambaya ba."

Muka fito tare. Ba mu kai gada ba muka haɗu da masu ɗauko shi a kan wani ƙyaure, an lulluɓe shi da buhu. Yaya ya cire hularsa, muka juyo muka bi bayansu.

Kafin la'asar gida ya cika. Matan ikilisiya suka karɓe mini kicin, suna naɗa tamal, wato dafaffen ƙullin masara, a ganyen ayaba, wasu suna dafa kofi a babbar tukunya. Duk wadda ta rungume ni sai ta ce in yi kuka, zan ji sauƙi. Na nemi kukan ban same shi ba. Abin da ke damuna shi ne kofuna ba za su isa ba. Na tafi bayan gida wurin wanki ina ɗauraye waɗanda aka sha, a nan na ji Ɗan'uwa Fulgencio, babban dattijon ikilisiyarmu, ya tsare Arnulfo direban motar a gindin lemo. Hannun Arnulfo yana rataye a wuyansa da tsumma.

Fulgencio ya ce, "Kai kaɗai ne a kansa. Ka tuna da kyau. Bai kira sunan Ubangiji ba?"

"Don Fulgencio, ni a lokacin ko sunana aka tambaye ni ba zan kawo ba."

"Bakinsa bai motsa ba?"

"Ya motsa."

"To ai ka gani. Mutum yana bakin mutuwa, ɗan fasto, bakinsa yana motsi. Lissafin kaji kake zaton yana yi?"

Arnulfo ya gyara tsumman da ke wuyansa. Fulgencio ya dafa kafaɗarsa mai lafiya ya koma cikin gida. Kafin in gama wanke kofunan, labari ya zaga cewa Nahún ya karɓi Ubangiji a bakin hanya. Na ji mata suna cewa halleluya a kicin. Wata ta zo ta riƙe fuskata ta ce, "'Yar'uwa Mela, ɗanki yana gidan Ubangiji." Na ce mata na gode, na miƙa mata kofunan.

Doña Eduviges ta iso da yamma, sanye da baƙaƙen kaya. Ta tsaya a gaban akwatin gawar ta daɗe, ta gicciya hannu a ƙirjinta irin na Katolika, sannan ta zauna a kujerar da ta fi kusa da Yaya. Na kai mata kofi. Ta karɓa ta ce, "Yaron kirki ne, yakan ɗauko mini itace. Gobe zan zo majami'arku, Ermelinda. Ina so in ji."

Da safe Yaya ya aika a kira Arnulfo. A kicin suka zauna, ina gasa wainar masara. Fulgencio ya biyo su ba tare da an kira shi ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

Yaya ya ce, "Arnulfo, me ɗana ya ce?"

Arnulfo ya dubi Fulgencio.

"Ni za ka kalla. Ni na haife shi."

"Ya ce sanyi yake ji, Fasto. Na cire rigata na rufa masa. Sai ya ce takalminsa yana matse shi, in cire masa. Na cire ɗaya. Ɗayan yana ƙarƙashin buhuna."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan, Fasto. Daga nan bai ƙara magana ba."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya tura masa farantin wake ya ce ya ci. Arnulfo ya ci da hannu ɗaya, ya yi godiya ya fita.

Fulgencio ya shigo ya zauna a wurin da Arnulfo ya tashi. Ya ce, "Fasto, ba wanda ya san abin da ke zuciyar yaron. Abin da aka riga aka faɗa, ka bar shi a haka. Wa ya cutu?"

"Ƙarya ce, Fulgencio."

"To me za ka ce? Ka ce yana wuta, ƙanwarka tana zaune a gaba? Ko ka yi shiru, duk garin su ce wutar ta 'ya'yan wasu ce kawai? Eduviges tun da sassafe take bakin majami'a, ta riga mai buɗe ƙofa."

Yaya ya juyo wajena. Ya ce in goge masa farar rigarsa. Na goge.

Ban taɓa ganin majami'armu ta cika haka ba. Har masu faɗan zakaru sun zo, sun jeru a jikin tagogi da hulunansu a hannu. Aka yi waƙoƙi. Na ji muryata tana bin su, ban san lokacin da na fara ba. Yaya ya hau mumbari, ya ture makirufo gefe, ya tsaya yana kallon akwatin har mutane suka fara gyara zama.

Ya ce, "An gaya muku ɗana ya karɓi Ubangiji a bakin hanya. Ba haka aka yi ba. Na tambayi wanda yake wurin. Sanyi ya ce yana ji, kuma takalmi yana matse shi."

Muryarsa ba ta rawa. Kamar yana sanar da ranar sharar majami'a.

"Kun zo ku ji inda yake. Ban sani ba. Na sha tsayawa a kan gawawwakinku in gaya muku inda suke. A lokacin ma ban sani ba."

Wani jariri ya fara kuka, aka fita da shi.

"Abin da na sani kaɗan ne. Yesu ya mutu domin masu zunubi, kuma bai jira sun gyaru ba kafin ya mutu. Ceto alherinsa ne, ba ladan ɗaga hannu ba. Wanda ya ba da gaskiya gare shi ya tsira. Wannan ban janye ba, kuma har yanzu ina ce muku ku tuba, kada ku jira gangare. Amma abin da ke wucewa tsakanin mutum da Allah a ƙarshe, ba a nuna mini ba. Bishara aka ba ni in kawo muku. Ba a ba ni hukunci ba. Ɗana yana hannun wanda ya fi ni saninsa."

Ya tsaya. Mai jita ya gyara igiyar jitarsa yana jiran kiran masu tuba, domin a nan ake kiransu kullum. Yaya ya sauko daga mumbari ya kama hannun akwatin na gaba. Sai da ya ɗan jira kafin sauran masu ɗauka su gane an gama.

A maƙabarta ƙasa ta jiƙe, tana manne wa shebur. Na tsaya ina kallon takalman mutane. Da aka gama rufewa, Doña Eduviges ta zo gaban Yaya. Gajeriya ce, sai da ta ɗaga kai.

Ta ce, "Ashe kana iya cewa ba ka sani ba."

"Na'am, Doña Eduviges."

"Cástulo ma yana da mata a zaune a gaba."

"Haka ne."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta juyo wajena ta ce tamal ɗin jiya ya yi gishiri, in daina barin wasu su karɓe mini kicin. Ta tafi tana kauce wa taɓo.

Bayan mako biyu ko uku Fulgencio ya zo gida. Ba da faɗa ya zo ba. Ya zauna a baranda yana juya hularsa, ya ce, "Fasto, ka san yadda ka same ni. A kwalbati ka tsince ni, matata ta kwashe yara ta tafi. Ba daɗin baki ne ya tashe ni ba. Ka ce mini wuta zan shiga, na ji tsoro, na bar kwalba. Da ka ce mini ba ka sani ba, da tuni an binne ni."

Yaya ya ce, "Kai da rai na same ka. Har gobe zan gaya wa mai rai haka."

"Mutane ba sa rarrabewa. Yanzu kowane mashayi a garin nan yana cewa ko Fasto bai sani ba."

"Mai yiwuwa."

"Mai yiwuwa kawai?"

"Ba ni da wata amsa, Fulgencio."

Fulgencio ya kai maganar wurin shugabanninmu a birni. Suka zo da mota, suka yi zama mai tsawo a majami'a, na dafa musu kaza. Ba su ce Yaya ya yi koyarwar ƙarya ba. Sun ce yana bukatar hutu, kuma akwai wata ƙaramar ikilisiya a kan tudu da ta daɗe ba ta da makiyayi. Aka ba Fulgencio riƙon majami'ar garin, da lasifikar kasuwa. Na ji an ce majami'ar tana cika.

Muka tattara kaya muka hau tudu a bayan wata motar itace. Ƙauyen masu tsinkar kofi ne, majami'ar ɗaki ɗaya ce ta katako, rabin masu zuwa tsofaffi ne da ba sa ji sosai. Yaya yana yi musu wa'azi a hankali, yana bin gidaje yana duba marasa lafiya. Idan an yi mutuwa yakan yi magana a kan Yesu, ya kira sunan mamacin sau ɗaya, ya yi wa iyalinsa addu'a. Wasu suna cewa wa'azinsa ba shi da zafi. Wata tsohuwa ta nemi baftisma a bara, aka yi mata a rafi, sanyin ruwan ya kwantar da ita kusan wata guda.

Har yau ban yi kukan ba. Ina tashi, ina hura wuta, ina niƙa masara. Sau ɗaya na tambaye shi, muna ɓarar wake a ƙofar ɗaki da rana, na ce, "Yaya, a ranka, a ina kake ganinsa?"

Ya daɗe yana ɓarar wakensa. Sannan ya ce, "Mu ba ma yi wa matattu addu'a, Mela. Ni na koyar da haka, kuma haka na yarda. Amma kullum da safe ina kiran sunansa a gaban Ubangiji. Ban san me ake ce wa wannan ba."

Na ce to.

Hadari ya taso daga wajen kwari. Muka tashi muka kwashe 'ya'yan kofin maƙwabta da aka shanya a tsakar gida, domin sun tafi gona ba su dawo ba.