Tsohon Fetur na Ko-ta-kwana

Mai askin da ke bakin layi, wanda shagonsa ke maƙale tsakanin mai sayar da ƙanƙara da garejin bakanike, ba a haife shi da sunan Ko-ta-kwana ba. Wahalar fetur ce ta raɗa masa shi. A wancan karon yana tsaka da yi wa wani shugaban makaranta aski janareta ya yi tari ya mutu, ga shi babu wuta, babu ko ɗigon mai a unguwar. Haka bawan Allah ya kifa hula a kan rabin aski ya tafi taron iyayen yara. Daga ranar mai aski ya ɗauki alkawari ba za a sake kama shi a zaune ba, kuma duk wanda ya hau kujerarsa sai ya ji cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Da mai ya wadata sai ya shiga tanadi. Ya bi shagunan masu sayar da kayan miya ya tattaro jarkokin man girki, irin masu ruwan ɗorawa, ya ɗauraye su da omo, ya dinga ɗauko fetur a bayan babur yana jerawa a ɗan ɗakin ajiyar matarsa, kusa da buhun shinkafa. Kowacce ya cika ta har wuya, ya sa leda ya murɗe murfin.

Matar ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana kallonsa.

"Baban yara, wannan ɗakin fa rufin kwano ne."

"To ai ruwan sama ba zai taɓa su ba ke nan."

Ruwa kam bai taɓa su ba. Zafi ne ya same su. Kafin wata ya zagayo jarkokin sun kumbura sun yi tumbi, wadda ke ƙurya kuma ta koyi fito, da rana ta take sai a ji tana ta siii kamar mai kiran kare. Warin ya shiga shinkafa, ya shiga sukari, ya bi har cikin ganyen shayi. Ko-ta-kwana ya sha kofi biyu yana cewa shi bai ji komai ba, sai da ya yi gyatsa a fuskar wani kwastoma, mutumin ya tambaye shi ko injinsa na yoyo.

Ranar da matar ta kunna ashana a madafa ta ji warin fetur ya cika wurin, ta kashe, ta fito ta same shi a tsakar gida.

"Ka zaɓa," ta ce, ko murya ba ta ɗaga ba. "Ko su bar ɗakin nan yau, ko in kwashi yara mu koma gidan Yaya, kai ka zauna da ƙannen naka."

Ya san Yaya. Babban wanta ne, direban motar ɗaukar ma'aikata, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Washegari da sassafe Ko-ta-kwana ya nufi kasuwar kayan mota.

A can ya gane ashe jarka ma suna suka tara. Mai shagon ya sauko masa da jajaye na roba mai kauri, waɗanda aka yi domin fetur, ya kuma jawo koraye na ƙarfe masu murfin da ke kullewa da ƙara, da zoben roba a baki don kada iska ta shiga ko ta fita. Ko-ta-kwana ya ƙwanƙwasa wannan, ya shinshina waccan, ya ɗaga ta ƙarfen ya ji nauyi, ransa ya kwanta. Mai shagon yana ɗaure masa su a babur yana cewa ya ajiye su a inuwa, nesa da wuta, kada ya cika su fal, kuma kada ya bar man ya daɗe, ya riƙa sha yana mayarwa da sabo. Ukun farko ya riƙe su kamar karatu. Na ƙarshen kuwa ya yi murmushi a ransa, ya ce wannan da masu gidan mai bakinsu ɗaya.

Ya gina ɗan ɗaki a ƙarshen gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya bar masa tagar shan iska, ya sa kwado. Sannan ya juye man nan da ya riga ya sha zafin kwano a cikin sababbin jarkokin, ya jera su a kan katako, ya ja baya yana kallonsu kamar uban da 'ya'yansa suka ci jarrabawa.

Daga nan sai jira. Wahalar fetur kuwa ta ƙi zuwa.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Gidajen mai a buɗe, ma'aikatansu har hamma suke yi. Ko-ta-kwana ya zama duk wanda ya shigo aski sai ya tambaye shi, cikin muryar jaje, ko ya ji an ce tankoki sun maƙale a hanya. Idan aka ce ba a ji ba, sai ya ce to Allah ya kyauta, amma fuskarsa ba ta nuna ta gode ba. In ya wuce gidan mai ya ga motoci huɗu a layi, sai ya rage gudu ya leƙa, ya tarar ashe iskar taya suke sha. Sau biyu babur ɗinsa ya ƙare da mai a ƙofar gida, sau biyu yana tura shi har gidan mai yana gumi, mabuɗin ɗakin jarkoki na kaɗawa a aljihunsa.

"Ga mai a gida kana tura babur kamar mai tallan ruwa," in ji matar.

"Wancan na ranar wuya ne."

"Yau ranar me ce?"

Ya jingina babur ɗin da bango yana haki.

Ana cikin shekara ta biyu abin ya zo. Wata safiya mai ƙanƙara ya leƙo shagon da fuska a murtuke ya ce gidajen mai sun ja ƙofa, layi har ya kai gada. Ko-ta-kwana ya ce innalillahi, ya juya baya yana gyara almakashi don kada a ga bakinsa. Ya bari aka kwana biyu mutane suka ɗanɗana. A rana ta uku ya sa farar riga, ya fitar da kujera ƙofar gida, ya aika a gaya wa maƙwabta duk mai buƙata ya zo da galan, kyauta ne.

Suka zo kuwa. Mai ƙanƙara da ke kallon kayansa na narkewa, tela, masu babur na layin, har da Yaya, wanda ya kamata ya kwashi ma'aikata da rana tankinsa kuma ya kusa bushewa. Ko-ta-kwana ya ɓalle murfin jarka ta farko. Abin da ya zubo ta mazurari ya yi ja kamar shayin da aka manta a wuta, warinsa kuma na tsohon fenti.

Tela ya kai hanci ya ɗago. "Anya kuwa, maƙwabci?"

"Nuna ya yi," in ji Ko-ta-kwana. "Da tsohuwar zuma ake magani. Irin wannan yanzu ko da kuɗinka ba ka samu."

Aka yi ta godiya ana sa albarka. Wata tsohuwa ta ce dama ita ta san mutumin nan mai hangen nesa ne. Matarsa ma, da take leƙe ta bayan labule, sai da ta ji wani ɗan daɗi, ko da yake ba ta faɗa ba.

Janaretan mai ƙanƙara ne ya fara. Ya tashi, ya yi kuka mai kyau na ɗan lokaci, sannan ya shiga shaƙuwa, ya yi harbi sau ɗaya ya yi shiru. Na tela ko tashi bai yi ba, igiyar ce ta tsinke a hannunsa. Masu babur suka watse cikin murna, ba a jima ba aka fara ganinsu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, kowa na riƙe da kan babur ɗinsa, suna wuce ƙofar Ko-ta-kwana suna gaishe shi da ladabi, suna shiga garejin bakanike. Shi kuma yana zaune cikin farar riga yana amsawa, murmushinsa na raguwa da kowace gaisuwa. Da ya kasa jurewa ya tashi ya zuba a nasa janaretan don ya nuna musu laifin injinansu ne. Ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi ƙara.

Bakanike ya kwance kaburetar farko ya nuna masa wani abu mai danƙo kamar ƙaro da ya toshe ramukan.

"Fetur ba ya son zama, maƙwabci. In ya daɗe sai mai ƙarfin ya gudu ya bar dauɗar."

"A jarkar ƙarfe fa yake."

"Jarkar lafiyarta lau. Kai dai Allah ya saka maka, rabon da in ga aiki irin na yau har na manta."

Babu wanda ya zage shi, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Kyauta ce, ba a san ta inda za a fara faɗa ba. Sai dai labarin da ya iso da yamma ya fi duka muni: motar Yaya ta mace a tsakiyar shataletale, ma'aikata cikin kayan ofis suka sauko suka tura ta gefe, 'yan hanya na yi musu sannu.

Kwana biyu bayan nan Yaya ya shigo shagon. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya zauna a kujera ya cire hula. Babu wuta, babu janareta, Ko-ta-kwana ya ɗauki almakashi da mataji ya fara. Ya shirya ban haƙuri iri uku a ransa, kowanne ya zo baki sai ya koma.

Can Yaya ya dube shi ta madubi.

"Man nan, akwai saura?"

"Jarka ɗaya ce, Yaya. Wallahi yau ɗin nan zan kai wa bakanike ya wanke ƙarafa da ita."

"Kada ka kai. Ni za ka ba."

Almakashin ya tsaya. Yaya ya gyara zama, ya ce akwai wani abokin aikinsa da ya daɗe yana zuƙe masa tanki da tiyo duk lokacin da ya ajiye mota a wurin aiki, kuma ya rasa yadda zai kama shi.

"Zan ajiye ta a bayan mota, in manta ban kulle ba. Wanda na ga yana tura abin hawansa, shi ne," in ji Yaya. "Ka rage mini gefen nan, ya fi wancan tsawo."

Ko-ta-kwana ya rage. Da aka gama ya je gida ya ɗauko jarkar da kansa, ya goge mata ƙura, ya kai ta har mota, ya kuma roƙi Yaya in an gama da abin da ke ciki a dawo masa da ita.