Wutsiyar Layin Baba Cha'ibu

Shekarar da fara ta sauko mana daga arewa, hatsi ya fara ido ke nan. Ni Abdu, ni ne jami'in noma na ɓangaren Dungu, kuma cikin kwana huɗu na ga gonakin da suka koma kara zalla. Da aka ce za a turo ƙaramin jirgin feshi daga Zinder, kowa ya yi hamdala, ban da mutum ɗaya, Baba Cha'ibu mai zuma. Amya talatin da biyu gare shi a kan itatuwan da ke tsakiyar gonakin, kuma maganin da ke kashe fara ba ya ƙyale ƙudan zuma.

Ana gobe feshi matuƙiyar jirgin ta iso garin Matameye a mota, ta ce in kai ta ta ga wurin da idonta. Mariama sunanta, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Na zaci tulin takardu za ta zo da su. Sai ta zaro tabilet, irin babbar wayar nan mai faɗin allon karatu, wanda take ɗaurawa a cinya in tana tuƙi. A cikinsa akwai hoton ƙasarmu daga sama, rijiya rijiya, turba turba, da ɗan ɗigo shuɗi mai nuna inda mutum yake tsaye.

Baba Cha'ibu ya tare mu a bakin gona. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗiyata, daga can sama ƙaƙa za ki gane icen da ke da amya da wanda babu?"

"Ba zan gane ba, Baba," in ji ta. "Kai za ka nuna mini. Riƙe wannan, ka zagaye itatuwanka da ƙafa, ka ba su fili sosai, ka dawo inda ka tashi. Duk inda ka taka zai zana."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa ƙwaryar fura cike fal, ya shige cikin hatsi. Mun fi awa ɗaya muna jira. Da ya dawo, riga sharkaf da zufa, sai ga jan layi ya kewaye itatuwansa tsaf. Amma ta gabas layin ya yi wata doguwar wutsiya, ya miƙe kusan rabin kilomita, ya zagaye wani ɗan wuri, ya komo.

Dariya ta kama ni. Na ce, "Madam, goge wannan. Baba ya ratse gaisuwa ne da kayan mutane a hannu. Na san itatuwansa ɗaya bayan ɗaya, ba shi da ko guda a can." Wutsiyar ta ratsa gonakin mutum uku, kuma duk abin da jirgi ya tsallake, ni zan goya famfo a baya in fesa da yamma bayan ƙudan sun shige.

Baba Cha'ibu ƙafafunsa yake kallo. Mariama ta dube shi.

"Baba, da gangan ka bi nan?"

"Da gangan."

"To ya zauna."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha biyu ina yawon gonakin nan, a ce ba a tambaye ni ba.

Washegari da sassafe muka tashi daga Zinder, ina zaune a gefenta, kuma ranar na fara shiga jirgi. Don tsoro na yi duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Amma da muka iso kan gonakin sai na mance da tsoro, na koma kallon aikinta. Tabilet na ɗaure a cinyarta, hoton jirginmu ɗan ƙarami na rarrafe a kan layukan da ta tsara, ga kibiya na nuna inda iska ta dosa. Ba ta ƙura masa ido. Ta ɗan leƙa ta ɗago, yadda mace ke leƙa tukunya tana daka. Da rana ta fara dukansa sai ta juyo masa bututun iska, don in ya yi zafi ɗaukewa yake. Taswirar takarda kuma na soke a aljihun ƙofa ko da ta kwana. Muna dosar jan layin sai ta rufe feshi, mu wuce shiru a kan itatuwan, ta sake buɗewa. Da kibiyar ta karkata, ta ƙara wa layin fili ba wanda ya ce mata. Ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nata ba.

Wutsiyar ce ta ba ta aiki. Sau shida muka ratsa ta, sau shida tana rufewa tana buɗewa. A na ƙarshe mun yi ƙasa sosai, na leƙa ta taga. A ƙarshen wutsiyar tsamiya ce guda ɗaya, da amya huɗu a rassanta. Na gane gonar. Ta Badaru ce, ƙanen Baba Cha'ibu, wanda rabon da su gaisa tun da aka raba gonar mahaifinsu, shekara goma sha ɗaya. Badaru kuwa wata guda ke nan yana kwance asibiti a Zinder da karayar ƙafa, ba mai faɗa masa za a yi feshi, balle ya roƙa wa ƙudansa.

Kunya ta rufe ni. Da yamma na goya famfo na bi gonakin nan uku, ban yi wa kowa ƙorafi ba.

Bayan kwana uku na koma Dungu. Fara ta zube a kunyoyi, hatsi na tsaye. Na iske Baba Cha'ibu a gindin itatuwansa ya karkata kunne, sama kuwa sai gunjin ƙuda, kowace amya na shige da fice.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, na ga tsamiyar."

Ya juyo ya dube ni.

"Kada ka gaya wa Badaru," ya ce. Ya ɗaga kai ya dubi amyar da ke bisa kanmu. "Ƙudana da nasa, daga amyar babanmu aka raba su. Su ba su san mun ɓata ba."